Na Nakasa Ƙanwata Saboda Malmalar Tuwo

Kafin a rushe tsohon Zongon Lome, ni 'yar kasuwar atamfa ce mai shekara talatin da 'yan kai, kuma duk layinmu ba wadda ta kai ni jiki. A wancan zamani ƙiba ado ce, shaida ce cewa kasuwa na tafiya. Da safe koko da ƙosai, da hantsi shinkafa da wake sharkaf da manja, da rana sakwara, da yamma malmala uku ta tuwo. In zan shiga tasi sai a bar mini gaba ni kaɗai, ina ta jin daɗi.

Ranar da aka tara matan kasuwa cikin ankon jam'iyya mu yi rawar tarbar shugaba, na yanke jiki na faɗi a tsakar rana. Likita ya ce jinina ya hau, suga ya kama ni, dole in rage nauyi. Ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, a gidana take tana koyon aikin jinya, sai ta karɓi girkina. Ba ta hana ni komai ba. Cewa ta yi tuwo kada ya wuce dunƙulen hannuna, kifi ko nama gwargwadon tafin hannu, rabin kwanon ya zama ganye kamar ayoyo, manja cokali ɗaya. In ci sannu a hankali, in ɗan dakata kafin in nemi ƙari.

Kwana tara na daure. A na goma abokan kasuwata biyu suka zo duba ni, ƙanwata ta kawo mini ɗan kwanona a gabansu. Ɗayar ta kwashe da dariya, ta tambaye ni da yaren Mina ko kasuwa ce ta karye har aka fara auna mini tuwo kamar 'yar kurkuku. Ban san sa'ad da na miƙe ba. Na iske ƙanwata a madafa, na ɗauki muciya na maka mata a kunne. Na damƙi gashinta na buga kanta da bango, na sake bugawa. Ba ta rama ba, sai roƙona take in yi haƙuri kada jinina ya hau, wannan kuwa ya ƙara tunzura ni. Na hankaɗa ta kan murhu, tukunyar miya tana tafasa ta kife a hannunta na dama. Ihun da ta yi ne ya tara maƙwabta, sai da maza biyu suka janye ni.

A asibiti ta ce zamewa ta yi, don kada 'yan sanda su tafi da ni. Kunnen hagu ya mutu. Fatar hannun ta tattare, yatsu uku suka daina lanƙwasuwa, ba ta iya riƙe allura. Ta bar makaranta, ta tsallaka iyaka ta koma birnin Akara wurin gwaggonmu. Ni kuwa girman kai ya sa na ci gaba da cina na dā, har ciwo ya fito mini a ƙafa aka yanke yatsu biyu. Sannan na koma wa ma'auninta. Ban mutu da yunwa ba, jikin ya yi ta sauka sannu sannu, numfashina ya dawo.

Bayan shekara huɗu na tsallaka iyaka na durƙusa gabanta ina kuka, ina neman gafara. Ta bar ni na gama, sannan ta ce in zagayo damanta in maimaita, ba ta ji abin da na faɗa ba. Na maimaita. Ta ce ta yafe tun tuni.

Yafewarta ba ta mayar mata da aikin da ta so ba. Na gane ba yunwa ce ta sa na doke ta ba, kunyar dariyar mutane ce. 'Yan'uwa, cikar kwano ba arziki ba ce, rage shi kuma ba talauci ba ne. In wani naku ya tsaya yana auna muku abinci saboda lafiyarku, ku riƙe shi da kyau, ku riƙe fushinku. Nauyi yana sauka ko bayan shekaru, amma abin da hannu ya ɓata cikin minti ɗaya har kabari za a je da shi.