Waƙar Gayyar Dakko

Inna ba ta taɓa roƙona komai ba, sai waƙa ɗaya. Lokacin idanunta sun riga sun tafi, Baba kuma ya shekara bakwai da rasuwa. Na je gaishe ta garinmu Dakko wata Juma'a, bayan mun gama doguwar gaisuwa ta ce, "Ɗan nan, an ce wayoyin ga naku babu abin da ba su da shi. Ka biɗo min waƙar gayyar garin ga."

Na san waƙar. Wani makaɗin noma ne ya yi ta a gonar mai gari tun ina goye, aka ɗauka a kaset. Namu kaset ɗin rediyo ta cinye shi tuntuni. Abin da ban sani ba shi ne akwai muryar Baba a ciki. A tsakiyar kiɗan ya ɗaga murya ya yi wa makaɗin magana, mutane suka kwashe da dariya. Muryarsa take nema, amma matan zamaninsu ko sunan miji ba sa faɗa, balle su ce suna kewarsa.

Da na koma Talata Mafara na shiga intanet, na sami shaguna biyu masu sayar da waƙar. Ɗaya na wani tsohon mai kaset ne daga Maradun, shafinsa duk a hargitse, ya rubuta minti arba'in ce kuma a yi haƙuri da hayaniya. Ɗayan tsaf-tsaf, ana biya da katin banki, har da alfaharin sun wanke sauti, sun cire duk wata hayaniya. Ni kuwa malamin makaranta, mai ganin kansa wayayye, ina zan kai wa uwata abu mai ƙura? Na zaɓi mai tsabta, na sauke, har ina yaba wa kaina.

Juma'ar da ta zagayo na ɗora mata wayar a kan tabarma. Ganga ta tashi tar, kamar makaɗin yana cikin ɗakin. Ta karkata kai tana saurare har waƙar ta ƙare. Sannan ta ɗago kai.

"Waƙar ita ta," in ji ta. "Amma ina mutanen? Wa yak kore su?"

Na shiga yi mata bayanin gyaran sauti, kamar ina gaban allo. Ta sa min albarka, ta ce na kyauta. Yayata ce ta ja ni bayan rumbu ta gaya min abin da na zubar: muryar Baba tana cikin hayaniyar da aka cire.

Na yi ta jan ƙafa wajen komawa ɗayan shagon, yau aiki, gobe babu sabis. Da na waiwaya bayan wata biyu, shafin babu shi. Na hau mashin har Maradun. Maƙwabtan mai kaset ɗin suka ce rashin zaman lafiya ya tashe shi, ya kwashe iyalinsa, ba su san inda ya nufa ba.

Inna ta ƙara shekara guda a duniya. Duk zuwan da na yi sai ta ce in kunna. In an zo wani wuri, bayan ganga ta sassauta, sai in ga leɓɓanta suna motsi, tana faɗin maganar Baba a hankali, sannan ta yi ɗan murmushi a inda mutane suka yi dariya. Sau da yawa na so in matsa kusa in ji, kunya ta hana ni, kuma na ɗauka akwai sauran lokaci.

Yayata ta ce ita dariyar kawai take tunawa. Waƙar tana nan a wayata, kuma har yau raina yana ɓaci in na kunna ta. Na san daidai wurin da Baba ya yi magana, minti na goma sha ɗaya. Ban san me ya ce ba.