Mataki na Bakwai a Ƙahon Sajan

Duk wanda ya yi aiki a ofishin 'yan kwana-kwana ya san Sajan mai ƙaho, amma da wuya ka sami wanda ya taɓa ganin haƙoransa. Tun yana kurtu aka sa shi cikin 'yan badujala, aka miƙa masa ƙahon tagulla mai maɓalli uku, shi ke nan ya rungume shi ya bar mutane. Busa kam ya iya, ko maƙiyinsa ba ya musu. Hali ne dai sai a hankali.

Babban maƙiyin nasa kuwa mijin ƙanwarsa ne. Tare suka shiga aiki, amma da aka zo naɗa shugaban badujala sai aka tsallake Sajan aka ba surukin, don shi ya iya tsara kiɗa a takarda. Daga ranar Sajan bai ƙara kiran sunansa ba, sai dai Mai Sanda, saboda sandar da yake jagorantar kiɗa da ita, yana faɗa yana taɓe baki.

Mai Sanda ya tsara wani taken juyayi da ake busawa idan ma'aikaci ya rasu. Ya ɗora shi a kan tsanin sautin da suke kira Bi-filat ƙarami, mai matakai bakwai, biyar daga ciki an sassauto da su ƙasa, shi ya sa taken yake da nauyi a ƙirji. A mataki na bakwai rigimar take. Yadda aka tsara, maɓalli na biyu da na uku ake dannawa. Sajan ya ce wannan gurgun sauti ne, shi sai ya danna na farko da na biyu, ya ɗaga shi rabin taki. Cikin sauran ƙahonni sai ka ji nasa ya fita daban kamar ƙofa mai tsatsa.

Mai Sanda ya yi bayani, ya zana a allo, ya yi lallashi, ya yi faɗa har jijiyar wuya ta tashi. Sajan ya ce kunnensa ya girmi allon. Kora ba ta yiwu ba, don ba mai busa kamarsa, ga kuma ƙanwar a tsakiya tana shan baƙin ciki daga gida biyu. Haka suka yi furfura, kowane atisaye Sajan yana ɗaga sautin nan yana kallon surukinsa cikin ido. Daɗi yake ji, ba ya ma ɓoyewa.

Da Mai Sanda ya rasu, ofis ya shirya faretin girmamawa a farfajiya. Ana gobe za a yi, ƙanwar ta iske Sajan a ɗakin atisaye yana ɗiga wa maɓallan mai.

"Yaya, ban taɓa roƙonka komai a kan mijina ba," ta ce. "Gobe ka busa masa yadda ya tsara. In ka ƙi, ni da kai sai a lahira."

Bai ɗago kai ba, amma maganar ta shige shi, don ita kaɗai ta rage masa. Da ta fita ya rufe ƙofa ya yi ta maimaita wurin, na biyu da na uku, har leɓensa ya kumbura.

Washegari aka jera motocin kashe gobara, iyalan mamaci suka zauna a rumfa, aka soma take. Sajan yana tsaye a gaba, zuciyarsa na nanata masa na biyu da na uku. Da aka iso wurin, kafin ya ankara yatsan farko ya riga ya sauka inda ya saba. Sautin ya tsaga farfajiyar. Mai ganga ya yi tsaki, wani daga baya ya ce dama sun san za a rina.

Ana tashi ya bi ƙanwar har bakin mota, ƙahon a hammata.

"Wallahi na yi niyya. Yatsan ne ya riga ni."

Ta dube shi ido jajir. "To wa ya koya wa yatsan?"

Ba a daɗe ba ya ajiye aiki. Maƙwabta suna jin sa ta katanga kullum da la'asar yana hawa tsanin sautin nan da ƙahonsa, bai ƙara kuskure mataki na bakwai ba. Ƙanwar kuwa tuni ta koma wajen ɗanta a wani gari, ko wayarsa ba ta ɗauka.