Gawo Sittin a Gonar Aro

Haɗeja, biyar da rabi na asuba

An ce mota za ta tashi ana idar da salla, saboda haka biyar da rabi ta same ni a ƙofar makarantarmu da ɗalibai ashirin da huɗu, kowa da fartanya da gorar ruwa. Ni ne malamin aikin gona, shi ya sa aka ɗora mini rakiya. Mai shirya tafiyar, wani matashi daga wata ƙungiyar kare muhalli da ya ce mu riƙa kiransa Kodineta, bai iso ba sai bakwai saura kwata. Wai kyamararsa ce ba ta cika caji ba. Ya raba wa yara korayen riguna masu hoton bishiya, na wasu har gwiwa. A bayan bas aka jera dashen gawo sittin cikin baƙar leda.

Kan hanya

Bakwai da minti ashirin muka ci karo da shinge. Mai bindiga ya leƙo ya ce, “Direba, me ka ɗauko?”

“Itace ne, yallaɓai, amma bai girma ba.”

“To, in ya girma a tuna da mu.” Ya ɗaga mana hannu.

Daga nan Kodineta ya miƙe tsaye a cikin mota yana yi wa yara lacca kan yadda hamada ke cinye mu. Dama da hagu kuwa fadama ce cike da ruwa, ga shinkafa, ga masu kwalekwale suna duba komarsu ta kamun kifi. Yara suna kallon ruwa ta taga suna gyaɗa masa kai.

Kafin Hausa, takwas da kwata

Kilomita talatin da ɗoriya muka yi. Muka sha koko da ƙosai a bakin tasha, ƙosan ya sha barkono har Kodineta ya yi hawaye, muka samu hutun lacca. Daga nan muka saki kwalta, muka bi jar hanya kamar kilomita bakwai.

A gona, tara da minti goma

Wani dattijo ne ya tare mu, Baba Yohanna, mutumin kudancin Kaduna, tsohon masinja da ya yi ritaya ya zauna a nan. Gonar tana bakin hanya, gero ya kai gwiwa, babu ciyawa ko ɗaya. Kodineta ya raɗa mini cewa kyan da za ta yi a hoto ya sa ya zaɓe ta.

Baba Yohanna ya ce da ni, “Malam, sannunku da hanya. An ce yara za su zo ganin gona, na yi murna. Shekara goma sha takwas ina nomanta. Alhaji Mati ne ya ba ni aro, Allah ya saka masa. Da ita nake ci da iyalina. Bari in je gida in ɗauko musu kunu.”

Ni ɗan manomi ne, na san abin da kowane yaron ƙauye ya sani: mai gonar aro yana shuka abin da zai girbe, amma ba ya dasa itace. Itace yana fin mutum daɗewa a wuri, kuma ranar da aka je gaban mai unguwa, shi ne shedar cewa wanda ya dasa shi ne mai gona. Na gane dattijon bai ma san da dashe a mota ba. Na buɗe baki, sai Kodineta ya miƙo mini rigata, ya ce ni zan tsaya a tsakiyar hoto. Na sa riga, na rufe baki. Har yau ina jin kunyar wannan.

Yara kuwa sun yi aiki tsakani da Allah. Kafin ƙarfe goma da rabi sun haƙa rami sittin tsakanin kunyoyi, sun dasa, sun ba da ruwa daga gorunansu na sha. Wata Hadiza har suna ta raɗa wa nata. An ɗauki hoto da fartanya a sama, an sake ɗauka da fartanya a ƙasa.

Baba Yohanna ya dawo da bokitin kunu a ka. Ya tsaya a bakin gona, ya sauke bokitin a hankali.

“Malam, mene ne wannan?”

Kodineta ne ya amsa. “Kyauta ce, Baba! Gawo taki ne, yana zubar da ganye da damina, geronka zai ninka.”

“Ɗana, ka kashe ni.”

Bai rufe baki ba sai ga babur. Labari a ƙauye ba ya jiran mota. Alhaji Mati ya sauka, dogo, mai furfura, ya zagaya gonar hannu a baya, bai gaisa da kowa ba.

“Yohanna, aro na ba ka ko gado?”

“Aro ne, Alhaji. Allah ya sani ban san da wannan ba.”

Sai a lokacin bakina ya buɗe, ihu bayan hari. Na ce, “Ranka ya daɗe, laifinmu ne. Yanzu za mu cire su duka.”

“Ku cire? Ga hotuna can a na'urar wancan yaron. Gobe ’ya’yansa su nuna wa alƙali, su ce ubansu ya dasa.” Ya duƙa ya taɓa ganyen wani dashe. “Ku bar su. Gawo ba abin yarwa ba ne, kuma a ƙasata yake. Kai kuma, Yohanna, in ka cire geronka bana, ka nemi wani wuri.”

Kodineta ya ce zai goge hotunan, amma sai bayan ya tura wa ofis. Sannan ya zaro takardar yabo mai zanen ganye da ragowar riga ɗaya ya miƙa wa Baba Yohanna. Dattijon bai karɓa ba. Kofi ya ɗauka ya fara zuba wa yara kunu ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, “Ku sha, kun gaji.” Da ya zo kaina ban iya haɗa ido da shi ba.

Komawa

Sha biyu da rabi muka juyo. Babu lacca, babu waƙa. Wajen shinge Hadiza ta ce, “Malam, wa zai riƙa ba wa nawa ruwa?” Na ce mata Alhaji zai kula da shi, kuma ban yi ƙarya ba.

Biyu saura kwata muka shiga Haɗeja, na miƙa kowane yaro lafiya. Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Godiya ga direba, da Kodineta wanda na ji an yaba masa ƙwarai a ofis. Babbar godiya ga Baba Yohanna da kununsa. Na samu labari gawon sun kama, ko ɗaya bai mutu ba. Dattijon ne kawai muka tumɓuke.