Da Bakina Na Fassara Abin Da Ya Raba Ni Da Mijina

Edita, a lokacin da wannan abu ya same ni, ni mace ce mai ji da kanta. A Makka aka haife ni, a unguwar Zahir, kakannina ne suka taso daga Kano suka zo aikin Hajji suka zauna. Ina da mijina da 'ya'yanmu uku. A cikin sa'annina ni ce Hausa ta fi zama a bakina, domin kakata ce ta raine ni, ita kuwa ko gaisuwa ka yi mata da Larabci sai ta ce ba ta ji ba. Wannan Hausar da nake taƙama da ita ce ta sa aka nemo ni.

Wata Musulma ce 'yar ƙasar Sin ta zo tana bincike a kan zaman Hausawan Makka. Tana jin Larabci, ba ta jin Hausa, aka ce in zama tafintarta. Ta gaya min gadon aikin ta yi. A zamanin yaƙinsu da Japan, makarantar kakanta ta yi ƙaura zuwa cikin duwatsu, shi da abokansa suka riƙa bin ƙauyukan ƙananan ƙabilu suna tambayar al'adunsu. Abin da ya koya mata shi ne, mai son sanin mutane ya zauna gaban tsofaffin mata ya tambaye su wa ya haifi wa, wa ya auri wa, wa ya shayar da wa. Na yi dariya na ce ai wannan gulma ce aka sa wa rigar ilimi, mu kuwa gwanayenta ne.

Wata rana da hantsi na kai ta unguwar Shisha, wajen wata tsohuwa da muke kira Goggo, maƙwabciyarmu ce ta da. Ba ta da takardun zama, an taɓa kama ta aka mayar da ita gida, ta daɗe a can kafin ta dawo, kuma a wannan tsakanin aka yi aurena. Idanunta sun tafi, amma kanta garau. Baƙuwa ta tambayi yadda mata suke yi da jarirai in lokacin Hajji ya zo. Goggo ta ce iyayensu suna tafiya unguwar Aziziyya dafa wa alhazai abinci, su bar mata su, ita kuwa tana goyo, duk wanda ya yi kuka sai ta ba shi nono. Ta lalubo hannuna tana dariya, ta ce ni kaina na sha. Ta ce a wannan shekarar mu biyu ta haɗa, ni da ɗan wani tela, yaro mai tabon ƙuna a ƙafa. Edita, surukina tela ne, wannan tabon kuma a ƙafar mijina yake, ni nake shafa masa mai in sanyi ya shigo.

Baƙuwa tana kallona tana jiran fassara, ni kuwa bakina ya ci gaba da aikinsa kamar ba nawa ba. Sai da na ji maganar ta fito da Larabci sannan ta shige ni. Wanda kuka sha nono ɗaya ɗan'uwanki ne, babu aure tsakaninku har abada.

Ban gaya wa kowa ba. Na koma gida na ce wa mijina ba ni da lafiya, na kwashe shimfiɗata zuwa ɗakin yara. In ya taɓa kafaɗata sai in zabura, ya tsaya yana tambayata laifin da ya yi min. Na rame, abinci ya ƙi shiga. Na koma wajen Goggo ni kaɗai, na durƙusa na kama ƙafafunta, na roƙe ta ta ce tsufa ne, ta ce ta manta. Da ta gane abin da ake ciki ta fi ni kuka, amma ta ce ƙafarta ɗaya tana kabari, ba za ta je wa Allah da ƙarya ba. Mahaifiyata ta rasu, ba wanda zan tambaya sai uwar mijina. Na bi da ita ta bayan gida cikin hira, ta ce ƙwarai a wajen Goggo ta bar shi, amma madarar gwangwani ta bar masa, ba ta taɓa tambayar ko ya sha wani abu ba.

Na yi ta zagayen malamai kamar mai neman maganin ciwon ajali. Wani ya ce a wajen malamanmu na gida ko sau ɗaya ya haramta. Wani ya ce a nan sai an sha sau biyar, na riƙe wannan da hannu biyu na sake rugawa Shisha. Goggo ta ce 'yar nan, tun shigowar alhazai har tafiyarsu, wa yake ƙirga? Na shiga Harami na yi kuka har wata baƙuwar Hajiya ta rungume ni, ta ɗauka mutuwa aka yi min. Wallahi ina son mijina, kuma na yi tunanin in haɗiye maganar in mutu da ita. Na kasa, domin kullum in na ɗaga hannu zan yi kabbara sai ta tsaya min a gaba.

Ranar da na gaya wa mijina, ya zazzagi baƙuwar nan 'yar Sin, ya ce mayya ce ta tsallako duniya don ta rushe masa gida. Daga baya ya zauna a ƙasa ya rufe fuskarsa. Ita ma da ta ji ta zo tana hawaye, ta ce za ta goge muryar Goggo da ta ɗauka a rikoda. Na ce mata ta bari, gogewa ba za ta fitar da nonon daga jikinmu ba. Alƙali ya raba mu, ya ce ba mu da zunubi tunda ba mu sani ba, 'ya'yanmu kuma halattattu ne.

Na daina ganin laifin baƙuwar, tambayar da ya kamata iyayenmu su yi ce ta yi. Ina roƙon mata 'yan'uwana, duk wadda ta ba ɗan wata nono, ko don tausayi ne, ta faɗa wa iyayensa a ranar, ta faɗa wa maƙwabta. Masu ɗaura aure kuma, ku tambayi tsofaffi kafin ku tambayi sadaki. Yanzu duk Juma'a yana zuwa ɗaukar yara, in buɗe masa ƙofa ba mayafi, domin shari'a ta ce yayana ne. Ƙaramar 'yarmu har yau tana tambayata yaushe Baba zai dawo gida, ni kuwa da na yi wa mutane tafinta, na rasa da wane harshe zan gaya mata.