Mama Ƙanƙara da Ragowar Ruwan da Ta Ƙi Zubarwa

Shekara talatin da ɗaya ke nan, kafin Mama Ƙanƙara ta sauke jakarta da safe sai ta bi ta ƙarshen baranda ta dafa tsohuwar firiza, ta ji tana gurnani, ta duba lambar sanyi, sannan ta gaisa da mutane. Ita ce ma'aikaciyar ɗakin gwaji mai karɓo tsokar da likitoci ke yankowa daga jikin masu ciwon daji. Da an kira daga ɗakin tiyata za ta sunkuci kular ƙanƙara ta hau bene hawa uku, gwiwoyi na ƙara, domin abin da ake nema a cikin tsokar, wato RNA, ba ya jiran kowa. Ɗumin ɗaki na lalata shi, gumin yatsa ma haka. Har farfesa ta taɓa kora daga teburinta: "Ranka ya daɗe, hannunka mai albarka ne a gida. A nan kuwa sai da safar hannu."

Ga wanda bai sani ba, RNA ɗan aike ne a cikin ƙwayar halitta, shi ke kai umarnin ƙera furotin. Amma akwai wasu ƙanana da ba sa ɗauke da irin wannan saƙo. Lokacin da Mama ta fara aiki, ƙaiƙayi aka ɗauke su. In an tace manyan, sai a ce ta zubar da ragowar ruwan. Ita kuwa sai ta ɗura shi a 'yan kwalabe, ta rubuta lamba da kwanan wata, ta jera a firiza.

"Mama, shara kike tara mana?" in ji shugaban sashe na wancan lokaci.

"Baiwar Allahn da ta sa hannu ta ba mu naman jikinta," in ji ta, "ba ta ce rabi ta bayar ba."

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Daga baya masana suka gano cewa ƙananan nan suna cikin masu ce wa ƙwayar gado ta yi magana ko ta yi shiru. In suka karkace, suna iya rufe bakin wadda ke taka wa ƙwayar halitta birki, sai ta yi ta hayayyafa ba tsayawa, ciwon daji ke nan. Duniya ta ɗauka, amma labarin bai iso ƙarshen barandar Mama ba. Ita dai yatsunta sun tsattsage saboda sanyi, ba ta ma iya zura zare a allura.

Takardar ritayarta ta zo tare da wata: za a kwashe tsohuwar firiza, sabon inji na son wuri. Mama ta gaji, gajiyar da barci ba ya saukewa, ba ta da ƙarfin gardama. Ta ɗauki littattafanta goma sha ɗaya da take rubuta bayanin kwalaben a ciki, ta dire gaban wata malama mai bincike. A ciki har waɗanda ciwon ya dawo musu ta rubuta, don tana sake ganin lambobinsu.

"Malama, ki gwada kwalba ashirin kawai. In sun mutu, ni da kaina zan zubar."

Sati uku tana jira, ko abinci ba ya mata daɗi. Ba su mutu ba. Malama ta ga wani ƙaramin RNA ya yi ƙasa a yawancin waɗanda ciwon ya dawo wa. Ba magani ba ne tukuna, bakin zare ne. Firiza dai ta tsira.

An rubuta rahoto da sunaye bakwai, ba nata. Can ƙasa aka gode wa "ma'aikatan ɗakin gwaji". Wannan ya yi mini ciwo, har yau yana yi. Ita ko a jikinta. Ranar bankwana da aka miƙa mata agogon bango, abu ɗaya ta tambaya: "Wa zai riƙa dafa firizar da safe?" Sai can malama ta ɗaga hannu.

Mama, ke ce mai riƙon amanar waɗanda ba ki san fuskarsu ba. Ke kika tsare abin da masu digiri suka ce a zubar. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Ku kuma da ke sanye da farar riga, in an ba ku amana ku riƙe ta duka, har ragowar.

'Yarki ta gaya mana ranar Litinin kin tashi da wuri kamar kullum, kin shiga kicin kin dafa firij, kin tsaya kina saurare. Ya isa haka, Mama. Zauna a rana, hannun nan ya ɗumama.