Jiya a Kan Kanta, Yau a Kan Keke

Gwaggona tela ce, shekara talatin tana taka keke a shagon da ke jikin gidanta. Ba ta taɓa damuwa da Turanci ba, don a cewarta almakashi ba ya jin yare. Sai ɗanta ya yi aure a wata ƙasa mai nisa, aka haifa masa 'ya, ta tashi ba ta jin Hausa ko "zo in kashe ki". Duk ranar da suka kira a waya ana ganin juna, Gwaggo ta ɗaga hannu, jikar ta ɗaga hannu, shi ke nan. Shekara shida ana haka. Abin yana ci mata rai, har ta ce mini tana tsoron ta mutu jikarta ba ta san ta ba sai a matsayin tsohuwa mai ɗaga hannu.

Ni malamar Turanci ce, don haka a kaina aikin koya mata ya faɗo. Sunayen abubuwa ba su wahalar da ita ba. Aikatau ne ya zame mata ƙarfen ƙafa: abin da ya wuce, wanda ake ciki da wanda zai zo, dukkansu da kalma ɗaya take ɗinke su. Na zana mata jadawali a kwali, ta yanka shi ta fitar da hannun riga. Da na ce mata jiyan "go" shi ne "went", ta ce wannan ɗa bai ɗauko ubansa ba, a bincika.

Ran nan na tarar ta raba shagon uku. Kantar hagu ta kayan da aka gama, nan ta soke kalmomin jiya da allura. Keken ɗinki shi ne yau. Kantar dama, ta yadin da ba a yanka ba, ita ce gobe. In za ta yi magana sai ta fuskanci wurin, kalmar ta fito daidai. Na yi dariya har da hawaye, amma na ji kunya, shekara goma ina koyarwa dabarar ba ta taɓa zo mini ba. Maƙwabcinta mai gyaran agogo ya ce wuyan Gwaggo ya fi fanka aiki.

Ranar kira muka zauna a falo, ta sha kwalliya. Jikar ta bayyana, ta tambaye ta me ta yi da safe. Gwaggo ta juya hagu ta ga labule, ta juya dama ta ga talabijin. Hannunta ya fara ɗagowa yadda ya saba.

"Ɗauko makullin shago, 'yar nan," ta ce da ni, ta fizgi wayar ta fita da takalmi wari guda.

A tsakiyar shagon ta tsaya tana haki. Ta fuskanci hagu ta ce da Turanci da safe ta ɗinka mata jar riga. Ta dafa keke ta ce tana ɗinka mata wata. Ta juya dama ta jawo yadi mai furanni, ta ce wannan za ta yanka shi ranar da ta zo, don sai ta auna ta da hannunta. Ko kuskure ɗaya babu.

Yarinyar ta tambaya ko rigar za ta yi aljihu. Gwaggo ba ta jira na fassara mata ba. Ta sake juyawa dama.