Cikin Perlita Ya Ƙi Ayaba

Yayata Perlita ba ta iya zama wuri ɗaya ba tun muna yara. Shi ya sa sana'ar tasha ta karɓe ta. Tana soya ayaba da jan sukari a tashar Tagum, ta soke a tsinke, ta bi motocin Davao da gudu tana miƙawa ta taga. Ni kuma ina gasa masara a gefenta. A cikin ayaba muka girma, don babanmu a gonar kamfani ya tsufa yana saɓa nonon ayaba a kafaɗa. Duk kaskon da Perlita ta sauke sai ta ci ɗaya, wai harshenta ne ma'auninta.

Ta haura hamsin lokacin da abin ya fara. Wata rana da hantsi na waiga na gan ta durƙushe bayan tebur, ta dafe ciki, gumi na tsiyaya.

"Yaya, lafiya?"

"Kamar ana matse wanki a cikina," ta ce.

Efren direba ya leƙo ta tagar motarsa. "Perlita, in ciki ne ki faɗa mana, mu ɗinka kayan baftisma!"

"Tafi can da wannan akwalar taka, mai kan kwakwa!" Ko a durƙushe bakinta bai mutu ba.

Daga nan hankalinta bai sake kwanciya ba. Ta canza man suya. Ta daina shan kofi. Ta ce rijiyar mijinta Nestor ce, ta sa shi ya yashe ta. Ta je wurin wata tsohuwa mai tausa a ƙauye, ta sha dafaffen ganyen gwaiba har ta gaji. Maƙwabta suka ce jirgin feshin gonaki ne, ta yarda, washegari ta ƙaryata. Kowa ta zarga banda ayaba.

Da ƙyar na ja ta ɗakin shan magani na unguwarmu. Nas ɗin ta tambaye ta duk abin da take ci daga safe zuwa yamma, sannan ta ce akwai wani irin zaƙi a nunanniyar ayaba da hanjin wasu ke kasa narkarwa, sai ya tara iska, ciki ya kumbura ya dinga murɗawa. Ta ce ta bar ci na ɗan lokaci a gani.

"'Yar nan, da ayaba fa aka yaye ni," in ji Perlita.

"Na sani, Inna. Jiki ne yake canzawa."

Ta bari, ciwon ya tafi. Wannan ya fi ciwon ɓata mata rai. Ta rasa yadda za ta yi suya ba ɗanɗanawa. Ta riƙa tura min a baki tana cewa, "Ya yi? Faɗi gaskiya, Luzviminda!" In na ce ya yi, ta ce ban san komai ba sai masara. Rannan ta ci rabi a ɓoye, ta zauna lafiya. Washegari ta ci biyu, muka kai ta gida a keke mai ƙafa uku tana zagin kowa har da direban.

Ƙarshe ta miƙa wa surukarta, matar ɗanta, kaskon. Ita Perlita ta gwada sayar da busasshen kifi, ta ce wari. Ta gwada zaman gida, Nestor da kansa ya roƙe ta ta fita. Yanzu dafaffiyar gyaɗa take sayarwa a cikin motocin, ta hau a Tagum ta sauka a Panabo, ta hau wata ta dawo. In ta sauko sai ta tsaya kan surukar tana faɗa, wuta ta yi yawa, sukari ya yi kaɗan, tana shaƙar ƙamshin, hannayenta a baya.

Makon jiya ta ce min za ta koma Butuan wurin ɗaya ɗan nata. Har ta ɗaure kaya. Da safe na iske ta a tasha da kwandon gyaɗa, tana rige-rigen shiga mota.